Daga Birnin Sin Zuwa Gafakar Kaka: Tarihin Kyawun Rubutu

   Uwargida, in kina tsakiyar aiki ne, ki ɗan matso da rediyon kusa, domin tafiyarmu ta yau doguwa ce. Za mu je ƙasar Sin mu ga yadda suke koya wa ɗaliban jami'a ganin darajar rubutun hannu na kakanninsu, sa'annan mu juyo gida mu duba namu, wanda wata ƙila yana rataye a ɗakinki yanzu haka.

Kin dai sha jin maganar nan ta neman ilmi ko da a Birnin Sin ne. Malaman hadisi da yawa sun ce ba ta inganta daga Manzon Allah (SAW) ba, amma ta zauna a bakin mutane, har Bahaushe ya ɗauki Sin a matsayin ƙarshen nisa. Duk da wannan nisa, tun shekarar 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa, muryarsu ta fara shigowa gidajenmu. Abin mamaki, a wannan shekara ta 1963 ɗin ce wata makarantar koyon zane mai zurfi da ke birnin Hangzhou ta buɗe fanni na musamman na kyawun rubutu, wanda shi ne na farko irinsa a manyan makarantun ƙasar. Shugaban makarantar, wani mai zane da ake kira Pan Tianshou, shi ya matsa a yi haka, saboda ya ga tsofaffin gwanaye suna ƙarewa, matasa kuma sun koma ga alƙalamin zamani.

To, mene ne wannan rubutu da har za a buɗe masa fanni a jami'a? Rubutun Sinawa ya haura shekara 3,000. Mafi tsufan da aka tono an same shi ne a kan ƙasusuwan dabbobi da ɓawon kunkuru, a wani wuri da ake kira Anyang. Ba su da baƙaƙe kamar alif da ba. Kowace alama tana tsaye ne a madadin kalma ko gaɓar kalma, kuma sai mutum ya san alamu wajen 3,000 kafin ya karanta jarida ba tare da tuntuɓe ba. Kayan aikin marubucinsu huɗu ne, suna kiran su dukiyoyi huɗu na ɗakin karatu. Akwai alƙalami mai bakin gashi, wanda ake yi da gashin akuya ko na zomo a ɗaura a kan gora. Akwai tawada, wadda ake haɗawa da baƙin hayaƙi da danƙo a busar da ita kamar sanda. Akwai dutsen da ake goga tawadar a kai da ɗan ruwa. Na huɗu ita ce takarda.

Babban gwaninsu na tarihi shi ne Wang Xizhi. A shekarar 353 ya rubuta wata 'yar gabatarwa mai alamu 324 a wurin wani taron abokai, har yau kuma ita ce abin koyi. Akwai wata alama guda da ta maimaitu kusan sau 20 a ciki, kowane sau da irin siffar da ya ba ta. An ce wani sarki na daular Tang ya ƙaunace ta har ya sa aka binne shi da ita a shekarar 649, shi ya sa kwafe-kwafenta kawai suka rage. Amma ga abin da nake so ki riƙe, 'yar uwa: malamar da ta koya wa wannan gwani riƙon alƙalami mace ce. Sunanta Wei Shuo, ta rasu a shekarar 349, kuma har gobe in za a ba da tarihinsa sai an ambace ta. Haka nan a gundumar Jiangyong ta lardin Hunan, matan karkara da ba a sa su makaranta ba sun ƙirƙiro nasu rubutun, suna aika wa juna wasiƙu, suna saƙa shi a jikin ƙyalle da mafici. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙarshe da suka gaje shi tun suna yara, Yang Huanyi, ta rasu a 2004. Da masu bincike ba su zauna gaban tsofaffin ba tun suna da rai, da ya tafi tare da su.

Dalilin da ya sa rubutun hannu ya yi daraja a Sin shi ne, shekaru fiye da dubu babbar hanyar samun aikin sarauta ita ce cin wata jarrabawa, mai mummunan hannu kuwa da wuya ya kai labari. An soke jarrabawar a 1905. A 1956 gwamnati ta sauƙaƙa siffar alamu da yawa don talaka ya yi saurin koyo. Daga baya kwamfuta da wayar hannu suka shigo, har ta kai matashi ya iya karanta alama amma in an ba shi alƙalami ya rasa ta inda zai fara. Ganin haka, a 2011 ma'aikatar ilminsu ta ba da umurni a riƙa yin darasin kyawun rubutu sau ɗaya a mako ga 'yan aji uku zuwa shida na firamare. Kafin nan, a 2009, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam. Har nan Nijeriya abin ya iso, domin an buɗe cibiyoyin koyar da harshe da al'adun Sin a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka a 2008 da Jami'ar Legas a 2009.

Yaya suke koyarwar? Malami ba ya fara da dogon bayani. Yana shimfiɗa wa ɗalibi rubutun wani gwani na da, ya ce duba. Duba inda alƙalami ya sauka, inda aka danna, inda aka ɗaga, inda tawada ta fara bushewa har farin takarda ya leƙo. Duba filin da aka bari tsakanin layi da layi. Daga nan ɗalibi ya ɗora takarda mai shara-shara ya bi sawu, bayan ya saba ya aje samfurin a gefe yana kallo yana kwaikwayo, daga ƙarshe ya rubuta da ka. Akwai wata alama mai ma'anar dawwama da ta ƙunshi manyan jan alƙalami guda takwas, ita ake ba sabon shiga ya yi ta maimaitawa. Yawancin ɗaliban nan ba za su zama gwanaye ba, malamansu ma sun san haka. Abin da ake nema shi ne idonsu ya buɗe, domin wanda ya taɓa wahalar jan layi ɗaya madaidaici ba ya raina wanda ya cika littafi.

Uwargida, ina jin kin fara murmushi, domin wannan tsari bai yi miki baƙo ba. Ai haka malam yake yi a makarantar allo: ya rubuta wa yaro, yaro ya bi sawu, ya zo yana kallon takarda yana kwafa, har ranar da zai yi satu da ka. Kafin mu shiga wannan, bari mu bi hanyar da ta haɗa mu da Sin, wato takarda. A shekarar 105 wani ma'aikacin fadar Sin mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki hanyar yin takarda da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Sana'ar ta iso Samarƙandu a ƙarni na 8, daga nan Bagadaza, ta ratsa Masar da Andalus har ta shiga Italiya. A ƙarni na 19 yawancin takardar da malamanmu suka yi rubutu a kanta daga Italiya ta fito. Ana sauke ta a Tarabulus, raƙuma su ketaro Sahara da ita zuwa Borno da Katsina da Kano. In kina da tsohon littafi, ɗaga warƙa ɗaya ki haska ta da rana. Kina iya ganin hoton jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masu yin ta ke nan.

Shi kuwa salon rubutun namu, daga Magrib ya zo, wato ƙasashen Maroko da Tunisiya da maƙwabtansu, tare da mazhabar Malikiyya da ruwayar Warshu. Shi ya sa a Alƙur'aninmu na gargajiya fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin bugun Hafsu da yaranmu suke karantawa a Islamiyya. Da ya iso ƙasashenmu sai ya yi kauri, ya tsaya da ƙafafunsa, har masana suka ba shi sunaye nasa: hannun Barno da hannun Kano. Wani Alƙur'ani na Borno da wani Bature mai bincike, A.D.H. Bivar, ya yi nazari a kansa yana ɗauke da kwanan wata na shekarar 1669. Turawan da suka ziyarci Borno a shekarun 1820 sun ba da labarin cewa ana kai Alƙur'anan da aka rubuta can har Arewacin Afirka da Masar a sayar da tsada. Kin ji, takarda ta zo mana fara, mu kuma mu mayar da ita da zayyana.

Kayan aikin alaramma duk daga dajinmu da kasuwarmu suke. Alƙalami daga gamba ko kara ake fere shi. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, don a iya wankewa. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake haɗa ta, ita ce ke kama takarda ta shekara ɗari ba ta gushe ba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya. A gefen warƙa akwai zayyanar da ke nuna sumuni da rubu'i da nusufi da izu, har izu sittin su cika. Ba a ɗinke warƙoƙin. A ƙasan warƙa marubuci yakan aje kalmar da za ta buɗe ta gaba, don ko sun watse a iya jera su. A sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Mutum bai cika alaramma ba sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, aikin da kan ci watanni.

Ina ƙasarmu ta Zamfara a cikin wannan tarihi? Tana tsakiyarsa. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1762, sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri har suka tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. A cikin wannan zamani na rashin kwanciyar hankali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, a shekarun 1780. Daga cikin malaman da ya ɗauki tafsiri wurinsu akwai Hashimu Bazamfare. Babu injin bugu a lokacin. Duk littafin da ɗalibi yake so ya mallaka, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ko ya biya wani ya kwafa masa. Gummi kuma zango ce babba a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Kambarin Barebari, 'yan kasuwa masu asali daga Borno, a nan suka yi zama. Ayari kuwa ba ya tashi sai da malaminsa, mai rubuta wasiƙa da lissafi, mai ja musu salla.

A ƙasar Zamfara ɗin nan ce kuma aka yi wata muhawara da ta shafe mu kai tsaye. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labarinta a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Wani malami mai asali daga Borno, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da waƙa yana sukar yadda mata suke halartar wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni, kuma ana keɓe musu wurinsu daban. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

'Ya'yan wannan ra'ayi sun nuna a gidansa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, manyan mata masu kamala, ta ba su malfa, su koma ƙauyukansu su karantar da matan da ba sa fita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba. Rubuce-rubucenta sun tsira ne saboda zuriyarta a Gidaɗawa, cikin Sakkwato, sun adana su a gafaka, musamman Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wannan shekarar ce Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka. Sin tana da Wei Shuo, mu ma muna da tamu.

Sai Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, sannu a hankali aikin hukuma ya koma baƙaƙen boko. Ajami ya ja baya, har a 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma daga naira 100. Amma zuwan injin bugu bai kashe hannun alaramma nan take ba, ya ma ƙara yaɗa shi. Masu ɗab'i sun riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye suna bugawa da yawa. Mafi shahara cikinsu shi ne Sharu Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, Alƙur'anan da aka buga daga hannunsa sun cika kasuwanni da makarantun allo. Ko Alƙur'anin Madina da alhazai ke dawowa da shi, wanda ma'aikatar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 take bugawa, hannun mutum ne, wani gwani ɗan ƙasar Sham mai suna Usman Ɗaha. A Sin ma akwai Musulmi masu rubuta Larabci da salon da ya ɗauko lanƙwasar rubutun ƙasarsu. Fitacce cikinsu shi ne Alhaji Nuruddin Mi Guangjiang, wanda aka haifa a 1963. A 2021 UNESCO ta sa kyawun rubutun Larabci cikin jerin nan da na Sin ya riga ya shiga.

Jami'o'inmu ma sun yi nasu ƙoƙari. A 1964 aka kafa cibiyar tattara littattafan Larabci a Jami'ar Ibadan, da shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1970 aka buɗe Gidan Arewa a Kaduna, a Sakkwato kuma akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Dubban littattafai sun tsira ta wannan hanya. Sai dai ƙarfin aikin ya tafi ne ga abin da aka rubuta, wato tarihi da fiƙihu da waƙa. Shi hannun da ya rubuta, har yanzu a zauren alaramma aka fi koyonsa. Yanzu Zamfara tana da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, da ta jiha a Talatar Mafara. 'Ya'yanmu suna shiga. Da yawansu sun taso da bugun Hafsu da karatu a waya, in ka miƙa musu Alƙur'anin kakansu sai su tsaya cak a layin farko, wani ma ya ɗauka kuskure ne ganin ɗigon fa a ƙasa. Abin da Hangzhou ta yi a 1963 bai fi ƙarfin Gusau ba: a gayyato alaramma ya zauna gaban ɗalibai da alƙalaminsa da kurtun tawada, a ba shi girman da ake ba kowane malami, ɗalibi ya kama gamba da hannunsa ya ji yadda abin yake.

Amma kafin jami'a ta motsa, abin yana hannunki, domin littattafan nan ba a ofis suke ba. Suna ɗakunanmu, cikin adaka, ƙarƙashin gado, ko rataye a ƙusa. Abokan gabarsu gara da yoyon damina da gobara ne, ga kuma tashin hankalin da ya raba ƙauyuka da yawa na Anka da Bukkuyum da Gummi da mutanensu. Wanda ya fita cikin dare da goyo ba a ganin laifinsa in ya bar gafaka, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ita dai warƙar da ta ƙone ba ta da ta biyu a duniya.

Saboda haka, in akwai irin wannan amana a gidanki, ki ɗaga ta daga ƙasa, ki nisanta ta da jikin bango. Ki naɗe ta da tsabtataccen farin ƙyalle, kada ki ƙulle ta cikin leda, domin leda tana tara gumi. In warƙa ta yage kada a liƙa mata salatif, danƙonsa yana cin takarda. Kada a bar yara su hargitsa jerin. Ki sa wani ya duba warƙar ƙarshe, sau da yawa a nan marubuci yake sa sunansa da na mahaifinsa da ranar da ya gama. Ki tambayi tsofaffin gida wa ya rubuta, a wane gari, wurin wa ya yi karatu, a rubuta amsar a aje tare. In ɗanki ko 'yarki na da waya, a ɗauki hoton kowace warƙa, a tura wa wani ɗan uwa na wani gari ya aje. In mai saye ya zo da kuɗi, ku yi shawara da dangi tukuna, domin gadon ba na mutum ɗaya ba ne.

Sa'annan ranar da ɗalibin gidanku ya dawo hutu, ki sa ya yi alwala, ki buɗe masa. Ki ce ya duba yadda layi ya miƙe ba tare da an ja masa zare na zamani ba, yadda ja da rawaya suka zauna inda ya kamata, yadda hannu bai canja ba daga Baƙara har Nasi. Ita ma 'yar ƙaramar da ke zuwa makarantar allo, kada a ce wanke allo kawai ne nata, a bar ta ta riƙe alƙalami ta rubuta da kanta. In ta yi sauka, a yi mata allon zayyana kamar yadda ake yi wa ɗan uwanta. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ido ma haka ne, abin da uwa ta nuna masa da girmamawa shi yake girmamawa.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ji ƙan malamanmu maza da mata da suka raba dare suna rubutu da hasken fitilar aci-bal-bal, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.